Ranar da Doguwa Ba Ta Zo Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke fitar da matafiyi Ya kuma maido shi gida. Daga uwarka Ige zuwa ga ɗana Nomau, gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah Ya sa takardar ga ta same ka lafiya, ko bisa hanya ka buɗe ta ko bayan ka sauka Yamai. Allah Ya tsare ka daga zafin rana da mugun ruwa da mugun abokin tafiya, Ya tsare maka ƙafarka da bakinka.

Kawunka Malam Idi ke rubutawa, ni ke faɗi. Na sa ya yi mini alkawari zai rubuta yadda ta fito daga bakina, ba gyara ba kwaskwarima. Ga shi nan tun ba mu yi nisa ba ya fara ɓata rai, wai bayansa na ciwo. Rubuta, Malam, ni na goye ka kana majina, ban ce bayana na ciwo ba.

Sau uku na zo in gaya maka maganar ga da bakina cikin kwanakin da kake haɗa kaya. Na farko na tarar kana ɗinke takalminka, sai na tambaye ka ko ka ci tuwo. Na biyu na ce ka kula da sauro na bakin kogi. Na uku na tsaya ina kallon ƙeyarka har ka waiwayo ka ce, "Inna, lafiya?" na ce lafiya lau. Shi ya sa zan sa a ɗinke takardar ga cikin fata, in cusa ta ƙarƙashin garin gero a jakarka.

An ce aikinka tafinta ne. Kumandan na Nasara ya yi magana ka juya wa mutane, mutane su yi magana ka juya masa. Duk gari sai barka ake yi mini. Ni kuwa da na ji ban yi murna ba, don na san aikin nan ciki da waje. Na yi shi tun ba a haife ka ba. Kai ka taso ka tarar da ni ina salla, amma ka ji ana faɗi cewa da ni goɗiyar Doguwa ce ta bori, ni take hawa in anka yi mata goge, da bakina take yi wa gari magana. Gaskiya ne, kuma daga kakata na gada.

Ba ka san garinmu yadda yake da ba. In mai gari ya mutu ba a gaggawa. Masu gida duka sai su taru gindin gawon nan na gabas da rijiya, kowa da buzunsa ko tabarmarsa. Ƙaramin mai gida shi ke fara magana, don kada ya ji ta manya ya tsorata ya bi su, haka ake hawa har a kai ga mai furfura. In an watse ba a daidaita ba, gobe a dawo. Ina budurwa na ga wanda anka yi kwana tara ana yi, har mata sunka gaji da kai fura. Sai bakinsu ya zo ɗaya sannan zima, shugaban masu bori, ya kira mai goge da masu ƙwarya a roƙi Doguwa ta sauko. In ta zo a ce mata, "Inna, ga wanda 'ya'yanki sunka yarda da shi." Ita kuwa ba ta wuce ta ce ta ji, a yanka mata baƙar akuya, ko ta ja wa mutumin kunne a kan rijiya da itacen da ba a sara. Ban taɓa jin ta ƙi wanda gari ya so ba, ban kuma taɓa jin an tambaye ta tun mutane ba su gama ba.

Wayyo, ina kewar hayaniyar nan, Nomau. Daga bakin turmi kana jin muryar ubanka ta tashi, wani ya katse shi, wani ya ce a bar shi ya ƙare, sai a fashe da dariya. Da muna cewa maza sun cika surutun banza. Yau da zan ji ta sau ɗaya da na ba da saniyata.

Shekarar da Nasara sunka kafa bariki a Filinge ita ce shekarar da mai garinmu ya mutu. Kana goye a bayana lokacin. Ko sadakar bakwai ba a yi ba sai ga gardi, dogarin Nasara, bisa doki, ya ce Kumandan na son sunan sabon mai gari nan da kwana uku, in ba haka ba shi zai naɗa wanda ya ga dama. Kwana uku! Maza sunka kwashi buzaye sunka nufi gawo.

Mutum biyu ake magana a kansu. Na farko Hankurau, tsohon nan mai sanda da ka sani. Tun lokacin haka yake, in ya fara magana sai ka je rijiya ka dawo bai kai ƙarshe ba, amma ba ya yanke komai sai ya ji ta kowa. Na biyu Barmu, dogo mai murya, wanda ya taɓa bin mahara har bayan dutse ya ƙwato shanunmu da yara biyu. Ɗaya cikin yaran nan wanka ne, ɗana na fari.

Da na kai fura ran farko na ji maganar tana karkata wajen Hankurau. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, mutane masu bindiga sun sauka ƙasarku, ku kuma ku tura musu Hankurau? Kafin ya gama gaisuwa sun cinye mu. Na gaya wa ubanka, ya ce, "Maganar gawo ba ta mata ba ce." Ka san ni da zafin rai. Akwai hanya fa, kada in yi wa maza ƙarya. In mata na da magana, sukan taru su aika tsohuwar gari ta tsaya gefen gawo ta faɗa, kuma ana saurare. Ni ce na ga hanyar ta yi mini tsawo, na kuma ji tsoron matan ba za su bi ni ba.

Rana ta biyu da la'asar, mutanen Barmu sunka matsa wa zima wai lokaci ya ƙure, a kira Doguwa ta raba gardama. Shi ma tsoron Nasara ya cika masa ciki, ya yarda. Anka fara goge alhali dattawa biyar ba su yi magana ba tukuna. Na miƙa ka ga gwaggonka na shiga fili.

Na san yadda take zuwa. Sanyi ne ke fara kama ƙeyata, kunnuwana su toshe, daga nan ban san komai ba sai in farka a ƙasa ana ba ni labarin abin da ta ce. Ran nan na yi rawa, na jira, shiru. Ina jin komai sarai, har kukan da kake yi a hannun gwaggonka, har wata kaza da ke tona bayan mai goge. Sau uku ya juya mata takenta. Ba ta zo ba. Na duba na ga idon gari duka a kaina, na ga Barmu, na tuna ranar da ya sauke mini wanka daga bisa doki. Sai na yar da kaina ƙasa da gangan. Anka lulluɓe ni da baƙin zane. Zima ya durƙusa ya ce, "Inna, wa kike so?" Na shaƙe murya yadda ake gaya mini tana yi, na ce, "Barmu."

Wurin ya yi tsit. Ta ƙarƙashin zanen ina hangen ƙafafu. Na ga Hankurau ya tashi, ya tuɓe takalmansa, ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Mun ji, Inna. Mun bi." Ba gunaguni a muryarsa ko kaɗan, ya yarda har zuciya. Dattawan nan biyar sunka naɗe buzayensu da maganarsu a ciki, sunka tafi gida.

To ka ji ta farko, ɗana. Rana za ta zo da Kumandan zai yi shiru, ko ya faɗi abin da bai kai ba, kai kuma ka ga kamar ka san abin da ya dace. Zuciyarka za ta ce ka ƙara kalma ɗaya cikin tasa, ai don alheri ne, wa zai sani? Ni ma don alheri na yi, wallahi ba a ba ni ko goro ba. In kana da ra'ayi ka faɗe shi da sunanka, ka ce wagga tawa ce ni Nomau, don wanda bai yarda ba ya samu damar yi maka gardama. Da na tsaya gefen gawo na ce ni Ige ina son Barmu, da wani ya ce mini, "Ke Ige, kin san halinsa in anka ƙi bin tasa?" da an yi musu, da wataƙila na ji abin da ban sani ba. Amma wa ke musu da Doguwa? Haka kuma ba mai musu da mai bindiga, kai kuwa bakinsa za ka zama.

Kumandan ya ba Barmu jar hula da sanda. Ba zan ce mugun mutum ne ba, ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansa. Sai dai tunda ba mutane sunka ba shi ba, bai ga dalilin da zai zauna ya saurare su ba. Gindin gawo ya zama makwancin awaki. Bayan damina uku Nasara sunka aiko a ba su masu ɗaukar kaya zuwa arewa. Da ne, da an zauna an raba nauyin gida gida, a duba wa ke da ɗa ɗaya, wa ke da tsoho a kwance. Barmu ya zauna zaurensa shi kaɗai ya zaɓa. Ya ɗauki biyu daga gidan Hankurau, ya ɗauki wanka, wai ai shi ya ceto shi da, yanzu sai ya rama masa.

Ubanka ya ja maza sunka tafi ƙofarsa. Ni kuma na laɓe bayan darni. Ubanka ya ce, "Barmu, mu koma gindin gawo mu yi shawara." Ya ce, "Ku kunka ba ni? Doguwa ta kira sunana gaban idonku, Nasara ya ɗora mini hula. Mai magana ya je ya gaya musu." Ina tsaye ina jin ƙaryata tana fitowa daga bakin wani, sai na zauna nan cikin turɓaya.

Ta hanyar Sanam sunka bi da su. Wanka na ɗauke da wani akwatin ƙarfe da ya fi ƙarfin wuyansa. Da ya zo daidai inda nake ya ce, "Inna, ki ɗaga mini hauyata sama, kada Nomau ya yi wasa da ita ya yanke." Na soke ta cikin jinkar ɗakina, tana nan har yau, ita ce wadda kake tambayata ta wa ce in ce ka bar ta. Ɗaya daga 'ya'yan Hankurau ya dawo bayan wata biyar, ƙashi da fata. Shi ya ce mana sun bar wanka gindin wata rijiya da zazzaɓi, ɗan'uwansa kuma ya faɗi tun kafin nan. Ko kabarin wanka ban sani ba. Yana gida ban taɓa kiran sunansa ba don kunyar ɗan fari, sai in ce "kai" ko "yaron nan". Yanzu kullum in ina sussuka sai in ji sunan ya zo mini har leɓe, ina so in ƙwala shi gari ya ji, ga shi ba mai amsawa.

Dakata, Malam, bari in sha ruwa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don shi da ido buɗe na yi shi. Bayan an tafi da yaran, Hankurau ya zo gidanmu yana jan baƙar akuya. Ya tuɓe takalmi a ƙofa ya ce, "Ige, ki roƙa mana Inna ta sake duba mu. Ita ta ba mu shi, ita za ta iya ja masa kunne." Dama ce Allah Ya kawo mini har gida. Kalma huɗu sun isa, in ce ba ita ba ce. Na kasa. Na bari anka yanka akuyar, anka yi goge, na yi rawa har ƙafata ta fashe, ba ta zo ba. Da anka tambaye ni dalili sai na ce gari ne ya yi mata laifi. Ka ji fa. Na ɗauki laifina na aza wa mutanen da na cuta, sunka yi ta yanka suna neman gafara.

Tun daga ranar gawo ba ta ƙara zuwa gare ni ba. Malam ya ɗaga alƙalami wai ba zai rubuta abin da zan faɗa ba. Ka yi alkawari, rubuta. Allah Ya gafarta mini, ina salla ina azumi, amma ina begenta. In na ji goge daga nesa sai in shafa ƙeyata ko zan ji sanyin nan. Ba ta taɓa ƙwace wa mutane bakinsu ba, ni na yi da sunanta, ta kuma bar mini wurin.

Kai dai in ka juya magana ba daidai ba, ko da gangan ko da kuskure, ka koma ka gyara ranar tun rana ba ta faɗi ba. Za a yi maka tsawa, wataƙila a kore ka. Ka dawo, gona na nan. Ni na ce sai gobe, goben kuwa ta kai ni har furfura, kuma kowace shekara faɗin ya ƙara nauyi don an ƙara gina wani abu bisa ƙaryar.

Na uku kuwa bayan na fara salla ne. Shekarar da fara ta cinye hatsi, gardawa sunka zo sunka buɗe rumbuna da yardar Barmu. Mata na bakin rijiya suna tsine masa, wata na cewa a tara maza a koma gawo ko ya so ko ya ƙi. Tsoro ya kama ni, don in anka koma gawo za a tono ranar nan. Sai na ce, "Haba, ku ji tsoron Allah. Allah ke ba da sarauta ga wanda Ya so, ku yi haƙuri." Sunka yi tsit, irin tsit ɗin da maza sunka yi ranar gawo. Kowa ta ɗauki tulunta.

Labari ya kai kunnen kawunka. Ya zo ya zauna nan inda yake zaune yanzu ya ce, "Yaya, gaskiya ne Allah ke bayarwa. Amma Shi ɗin ne Ya umarci bayinSa da shawara a tsakaninsu. Kuma ban so saurin da kinka yi wajen faɗinta ba. Me kike ɓoyewa?" Ranar na gaya masa komai. Shi kaɗai ya sani duk duniya, sai kai yau.

Ka taɓa ba ni labari wai a ƙasar Nasara mutane ke zaɓen shugabansu, kowa ya jefa takarda. Ka ga na yi dariya, ka ɗauka ban yarda ba ne. Na yarda mana. Abin da ya ba ni dariya, ashe su ma suna da gawonsu a gida, amma mu sunka ba mu kwana uku. In ka saba da su ka tambaye su wagga, da ladabi. Abin da ni dai na gane, a kira sunan Allah da farko don Ya shiryar da zukata, a kira shi a ƙarshe don Ya sa albarka. Tsakiya kuwa a bar mutane su yi ta fama da bakinsu, ai Shi Ya ba su shi. Duk wanda ka ga ya jawo sunan Allah, ko na iska, ko na Kumandan, tun mutane ba su gama magana ba, ka duba da kyau me yake so ya rufe. Ka fara da duba kanka.

Yanzu ga abin da ya sa ban bar maganar ga ta bi ni kabari ba. Ka san Barmu ya rasu farkon damina. Ɗansa Arzika ya riga ya ɗora jar hular, yana yawo yana cewa Doguwa ta ba gidansu, ba mai karɓewa. Gardi ya faɗa a kasuwar Filinge cewa bayan an ɗaure hatsi Kumandan zai zo rangadi daga Yamai ya tabbatar da shi, kuma kai ne za ka tsaya gefensa.

Ranar zan fito. Zan tsaya gefen gawo inda tsohuwar gari kan tsaya, ba goge ba baƙin zane, in ce, "Ni ce Ige. Ran nan Doguwa ba ta zo ba, ni na kira sunan Barmu." Gari zai ji da Hausa, amma Kumandan sai ta bakinka. Abin da nake roƙonka ke nan, Nomau, da nonon da ka sha. In ya tambaye ka me tsohuwar ga ke cewa, kada ka ce gaisuwa take yi, kada ka ce ta ruɗe. Ka juya masa ita yadda take, ka kuma gaya masa uwarka ce. Za ka ji kunya gaban gardawa da abokan aikinka, na sani. Ni ma wataƙila a daina gaishe ni a rijiya, wataƙila sai na koma gidan Malam da zama. Kumandan na iya yin dariya ya bar wa Arzika hularsa. Duk na yarda.

Ba na cewa a ba wane ko a hana wane. Na zaɓa sau ɗaya, ya ishe ni. Abin da zan roƙa kawai a ba masu gida kwanakinsu gindin gawo, daga ƙarami har babba, har su gama. Ita ma ka ce masa tawa ce, kada ka ƙara mata kada ka rage.

Ka san Hankurau kullum ta ƙofarmu yake bi in zai je gona. Kana yaro ka sha tambayata me ya sa yake tuɓe takalmi in ya zo daidai gidanmu, ya ratsa ƙaya da zafin rairayi sai ya wuce ya mayar, in ce maka halin tsofaffi ne. Ba hali ba ne, girmama wadda yake zato ta yi magana da bakina yake yi. Mutumin da na hana wa gari, na sa anka binne masa ɗa a daji. Yau da safe ma ya yi. Yana riƙe da takalman a hannu ya ce, "Ige, na ji yaro zai tafi. Inna ta kai shi lafiya." Na ce amin, na shiga ɗaki na yi kuka. Ina so kafin in mutu in ga tsohon nan ya wuce ƙofata da takalmansa a ƙafa, ko da ba zai ƙara duban inda nake ba.

Malam ya ce takarda ta cika. Akwai ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuɓewa a ƙasan jakar, kada ka rabar duka tun ran farko yadda ka saba. Ka riƙe salla, ka gaida duk wanda ya girme ka ko da kai ke gefen Kumandan. Allah Ya kai ka lafiya, Ya kwantar maka da hanya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya ba ka ƙarfin zuciya ranar da zan tsaya gabanka. Na riga na aje hauya ɗaya a jinka wadda mai ita bai dawo ba. Taka na jingine ta bakin ƙofa, ban ɗaga ta sama ba. Ka dawo da kaka, ɗana, ina jiranka.

Uwarka, Ige.